Waƙoƙina sun fara tashe a Garwa: in bar ƙungiyarmu ko in zauna?

Tambaya: "Baba, ni saurayi ne ɗan shekara 24, mazaunin Garwa. Shekarata biyar a ƙungiyar kiɗa da wasan kwaikwayo ta unguwarmu. Yanzu waƙoƙina uku sun fara yawo a wayoyin mutane. Wani mai sutudiyo ya ce in bar ƙungiya ya ɗauke ni, abokai na cewa in wuce Kano, shugabanmu kuma ya ce waƙoƙin na ƙungiya ne tunda a wurin bita aka haife su. Kaina ya ɗaure. Ina mafita?"

Ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya ka tambaya kafin ka yanke hukunci. Na fi shekara 25 a wannan harka a nan Garwa, arewacin Kamaru. Da amshi na fara, na riƙe asusun ƙungiya, na shugabance ta, yanzu kuma yawancin aikina shi ne a kira ni in sasanta irin wannan rikici naka. Abin da zan faɗa wa ɗan cikina shi zan faɗa maka: kada ka fita yanzu, amma kada ka ƙara wata guda a cikinta a kan tsohon zama. Zaman ne ke buƙatar gyara, gyaran kuwa sai an zauna gaban manya an sa shi a takarda.

Bari in fara da abin da ƙungiya ta ba ka, domin mawaƙin da ya fara tashe yakan manta da shi. Ka tuna daren farko da aka miƙa maka makirufo. Ni ina tuna nawa. A filin wata makarantar firamare muke bita bayan isha'i, da ƙwan lantarki guda ɗaya da muka jawo wayarsa daga shagon wani tela. Mai kalangunmu dattijo ne, ɗan gidan mahauta, ba ya yawan magana. Na shiga baiti da zafi, ina sauri don in nuna ina da numfashi, sai kawai ya ɗora tafin hannunsa a kan fatar kalangu, kiɗa ya mutu. Bai ce uffan ba. Aka sake ɗauka, na sake gudu, ya sake kashewa. Haka muka yi ta yi har dare ya raba. Can sai na ji abin da yake so in ji: akwai wani ɗan gurbi tsakanin bugu da bugu inda kalma take sauka. In ka riga shi, ka zubar da ita. In ka makara, 'yan amshi sun hau kanka. Wannan darasi babu sutudiyon da zai koya maka, saboda a can kwamfuta ce ke jan muryarka tana daidaita ta da kiɗa, ka fito kana jin babu kamarka. Ranar da aka ɗauke wuta a tsakiyar biki, janareto ya ƙi tashi, mata sun cika tsakar gida suna kallonka, ranar ce ake gane wanda ya zauna a ƙungiya, domin shi kaɗai zai iya juyawa ya ce wa mai ganga "ɗauko mana", a ci gaba kamar ba a yi komai ba.

Sannan ka duba ta inda aiki yake shigowa a ƙasarmu. Waƙa a waya suna take kawowa, amma abin sawa a baka daga fili yake fitowa: biki, suna, naɗin sarauta, hawan sallah a ƙofar fadar Lamiɗo, bikin matasa na 11 ga Fabrairu, ranar mata ta 8 ga Maris, bikin ƙasa na 20 ga Mayu, ranar kiɗa ta 21 ga Yuni da wurare irin su Alliance Française ta Garwa suke rayawa. Ga kuma aikin wayar da kai, wanda shi ne ya riƙe ƙungiyoyi da yawa a jihar Arewa da ta Arewa Mai Nisa: rigakafin shan inna, kwalara lokacin damina, karatun 'ya mace, zaman lafiya tsakanin manoma da makiyaya. Masu ba da irin wannan aiki ƙungiya suke nema, mai takarda da hatimi, wadda za ta iya kawo mutum goma sha biyu ƙauye ranar kasuwa su yi wasan minti 40 cikin Fulatanci da Hausa, a tsakiya a saka waƙa. Saurayi ɗaya da wayarsa ba ya samun wannan kwangila, ko da muryarsa ta kai ta kai. In ka fita yau, wannan ƙofa ce ta farko da za ta rufe, kuma ba za ka ji ƙarar rufewarta ba sai azumi ya zo aljihu ya bushe.

Kada ka ɗauka zama cikin ƙungiya yana danne mutum. Ali Baba, mawaƙi ɗan garin nan, wanda aka haifa a 1956, a cikin ƙungiyar raye-raye ta ƙasa ya goge a farkon shekarun 1980 kafin sunansa ya tsallaka zuwa Faransa, ya kuma rasu a 1989 yana da ƙuruciyarsa. Duk wanda ya gan shi a dandamali zai gaya maka cewa rawar da ya koya cikin jama'a ita ce rabin ƙarfinsa. Mawaƙi Isnebo ma da ƙungiyar Faadah Kawtal aka san shi, ba a raba sunansa da nata. A can Najeriya kuwa, marigayi Mamman Shata da ya rasu a 1999, har ƙarshen rayuwarsa da makaɗansa na kalangu yake tafe. Babu wanda ya ce don yana tare da jama'a sunansa ya ɓace a cikinsu.

To, yanzu maganar shugabanku, wadda ita ce ƙashin bayan tambayarka. Da ya ce waƙoƙin na ƙungiya ne don a wurin bita aka yi su, ya yi kuskure, kuma doka ba ta bayansa. A Kamaru akwai doka mai lamba 2000/011 ta 19 ga Disamba 2000 kan haƙƙin mallakar fasaha. Abin da ta tsayar shi ne, wanda ya ƙirƙiri abu shi ne mai shi tun daga lokacin da ya ƙirƙire shi, ba sai ya kai wani ofishi an buga masa hatimi ba, kuma haƙƙin yana bin magadansa shekara 50 bayan rasuwarsa. Wurin da aka yi waƙa ba ya mayar da ita ta mai wurin. Tela da ya ɗinka riga a zauren wani, ɗinkin nasa ne.

Amma ka saurara, domin akwai gaskiya a bakin shugaban, ko da bai iya faɗarta daidai ba. Ka zauna kai kaɗai ka tambayi zuciyarka a kan kowace waƙa cikin ukun nan. Baitocin duka naka ne? Amshin fa, kai ka zo da shi, ko wata yarinya ce cikin 'yan amshi ta jefa shi ana dariya, ya zauna? Karin da mutane ke bi da kai in sun ji, daga bakinka ya fito ko daga hannun mai kalangu? In wani ya sa hannu a ƙirƙirar, to waƙar ta haɗin gwiwa ce, yana da rabo a cikinta a matsayin wanda ya ƙirƙira tare da kai. Waɗanda kuma suka buga ko suka yi amshi a faifan da aka naɗa, dokar nan ta ba su nasu haƙƙin na masu aiwatarwa, ƙarami ne a kan naka amma haƙƙi ne. Na ga mawaƙa da yawa da suka ci wannan haƙƙi, suka tashi da kiɗan wani tsoho suka bar shi ko goro babu. Ba na so ka zama cikinsu, kuma garin nan ƙarami ne, magana ba ta ɓuya. Akwai wani abu kuma da samari ba su sani ba: in karin na gargajiya ne, irin na kiɗan ƙwarya ko waƙar daka da kowa ya tashi ya tarar, dokar ta ce wannan gadon ƙasa ne. Ba naka ba ne, ba na shugaba ba ne, kuma mai son ya yi kasuwanci da shi sai ya nemi izinin hukumar al'adu.

Don haka abin da nake so ku yi shi ne takarda guda ga kowace waƙa. Ba sai da lauya ba. Sunan waƙa, ranar da aka fara rera ta, wanda ya rubuta baiti, wanda ya kawo kari, waɗanda suka buga da waɗanda suka yi amshi. A ƙasa a rubuta cewa ƙungiya tana da izinin rera ta a duk wasanninta, ko kana nan ko ba ka nan, amma naɗa ta a faifai, sayar da ita, ko ba wa wani ya saka a fim ko talla, sai da sa hannunka. Kowa ya sa hannu, wanda bai iya rubutu ba ya dangwala yatsa, uban ƙungiya ya shaida. In za ku iya, ku yi ta da Faransanci da Hausa a shafi ɗaya. Da wannan, shugaba ya sami abin da yake tsoron rasawa, wato kada ka tafi ka bar su da wasa babu waƙar da jama'a ke zuwa dominta, kai kuma ka riƙe abinka. Ka kuma tura wa kanka rubutun baitocin da muryar farko da ka ɗauka ta imel, ko ka ajiye su inda kwanan wata zai fito, saboda ranar gardama.

Za a ce maka ka yi rajista da SONACAM, hukumar da ke karɓar kuɗin haƙƙin mawaƙa tun 2017. Ka yi in ka samu hali, ka kai waƙoƙinka a rubuta su da sunanka, domin shaida ce mai ƙarfi. Sai dai kada ka gina lissafin cefanenka a kai. Kafin ita an yi hukumomi irinta, CMC da SOCAM, an sha sauye-sauye a wannan fanni, kuma waƙar da ke yawo daga waya zuwa waya ta Xender ko a katin memori da ake lodawa a kasuwa, babu mai ƙirga ta balle ya biya ka.

Sai maganar kuɗin fili, wadda ita ke kashe ƙungiyoyi fiye da komai. Ban taɓa ganin ƙungiyar da rashin gwaninta ya wargaza ba, amma na ga da yawa da buhun liƙi ya wargaza. Mu ma ya kusa cin mu. Wata shekara bayan wani babban biki, yaron da ke tsince kuɗi ya kai buhu ɗakin shugaba, washegari aka fito da lissafi, kowa ya karɓa ya yi shiru, amma daga ranar mai gogenmu bai sake zuwa bita ba. Babu wanda ya ce an ci, babu kuma wanda ya yarda ba a ci ba. Daga nan muka kafa doka: ana tashi daga wasa, a ɗaure bakin buhu a gaban kowa, a shimfiɗa tabarma a wurin, mutum uku su ƙirga, ɗaya daga makaɗa, ɗaya daga 'yan amshi, sai ma'aji. A ware sefa gefe, naira gefe, domin a bikin da dangi suka zo daga Yola ko Mubi rabin liƙin naira ne, kuma a wurin canji ake yawan samun ɓatan lissafi. A fara fitar da kuɗin hayar sifika, man janareto da na babura. Abin da ya rage a cire kason asusu, sannan a raba bisa kason da aka riga aka amince tun kafin a fita daga gida. A ce an tashi da jaka 60 bayan an biya kaya: jaka 10 ta shiga asusu don gyaran ganguna da taimakon wanda ya kwanta ciwo, sauran 50 a raba kaso-kaso, mai jan waƙa kaso biyu, babban makaɗi kaso biyu, saura ɗaya-ɗaya. Wannan misali ne kawai, ku kuka san nauyin kowa. Abin da ba na yarda a taɓa shi ne ƙirga a fili da sanin kaso tun kafin wasa.

A nan ne kake da haƙƙin neman ƙari. In yau ana gayyatar ƙungiya ana cewa "ku zo mana da yaron nan mai waƙa kaza", to kasonka na shekara biyar da suka wuce ya tsufa. Ka nemi a ɗaga shi, ka kuma nemi a yarda cewa akwai gayyata iri biyu: wadda aka yi wa ƙungiya, da wadda aka yi maka kai. A ta biyun kai ne mai ciniki, kai za ka karɓi kafin alƙalami, ka ɗauki makaɗa daga cikin 'yan'uwanka ka biya su, ka jefa wani abu a asusu. Haka mawaƙi yake tsayawa da ƙafarsa ba tare da ya tsinke igiyar da ta ɗaure shi da mutanensa ba.

Ka kuma bincika ko ƙungiyar taku tana da takarda. Da yawa suna shekara goma suna wasa da suna kawai. Dokar ƙungiyoyi mai lamba 90/053 ta 19 ga Disamba 1990 ta sauƙaƙa abin: a kai sanarwa ofishin furefe, wato babban wakilin gwamnati na yankin da ƙungiya take, ɗauke da suna, manufa, mazauni da sunayen shugabanni, haɗe da kwafi biyu na tsarin mulkin ƙungiya, a karɓi takardar shaida. In wata biyu ya wuce furefe bai ce komai ba, doka ta ɗauka an amince. A Yulin 2020 kuma an yi wata doka ta musamman, mai lamba 2020/011, kan ƙungiyoyin fasaha da al'adu, don haka ku je ofishin wakilin ma'aikatar al'adu na jiha ku ji abin da ake nema a yanzu kafin ku kashe kuɗin tambari. Ina kawo maka wannan ne saboda lokacin rubuta tsarin mulki shi ne lokacin da ya fi dacewa a saka maganar mallakar waƙa da rabon kuɗi, a matsayin doka ta kowa, ba tare da ya zama kamar kai kaɗai kake yaƙi da shugaba ba. Wasa a fili kuma, wanda ba na cikin gida ba, a sanar da ofishin su-furefe, wato na ƙasa da furefe, da wuri. Na taɓa ganin an kwashe kujeru ana tsakar wasa saboda an raina wannan.

Mai sutudiyon nan fa. Ban san shi ba, ba zan zage shi ba, wataƙila mutumin kirki ne. Amma kalmar da ta tsaya mini a rai ita ce "ka bar ƙungiya". Me ya sa sai ka bari? Naɗar waƙa aikin kwana biyu ne ko uku, ba ya hana bita. Wanda yake son ya raba ka da jama'arka kafin ya taimake ka, yana son ya same ka ba ka da wurin komawa. Akwai wani yaro da ya tashi a hannuna, murya kamar sarewa. Wani mai sutudiyo ya ɗauke shi, ya naɗa masa waƙa tara kyauta, yana ba shi na shayi. Da suka saɓa, yaron ya je karɓar waƙoƙinsa, aka ce masa kwamfuta ta lalace. Bayan wata biyu muka ji su a bakin wani, da sunan sutudiyon ana kiransa a farkon kowace waƙa. Babu takarda, babu shaida, ga shi ya riga ya yi wa ƙungiya baƙar magana ranar da zai tafi. Ya dawo, mun karɓe shi, amma waƙoƙin nan tara har yau suna yi mini ciwo.

In za ka yi aiki da shi, ka yi masa tambayoyi a gaban wani babba. Nawa ne kuɗin naɗar waƙa ɗaya in ni zan biya? In kai za ka biya, me kake so a madadi, kuma na shekara nawa? Da sunan wa za a ɗora ta a YouTube da TikTok, wa zai riƙe lambar sirrin shafin? Za ka ba ni ainihin faifan, murya daban kiɗa daban, ko gaurayayyen kawai? Amsar duk a rubuce, domin ita kanta doka a rubuce take neman a yi irin wannan yarjejeniya. Shawarata, ka tara daga kason bikinka ka biya waƙa ɗaya da kuɗinka, ko da ta MoMo ko Orange Money ne don ya bar shaidar biya, ka fita da faifanka a hannu. Waƙa ɗaya da ka mallaka ta fi tara da ke kwance a kwamfutar wani. Kuma ka shiga sutudiyon da mai kalangunku. Fiyano kowa yana da ita daga nan har Kano, sauti ɗaya ne ke fita, amma hannun dattijon da ya shekara 30 yana matsa tsarkiya babu shi a cikin kowace na'ura.

Kano kuwa, na fahimci abin da ke jan abokanka. Can ne cibiyar waƙar Hausa ta zamani, can ne finafinai, can ne manyan sutudiyo. Amma ka yi tunanin abin da za ka kai musu. In ka je kana waƙa irin tasu da karin harshe irin nasu, ka zama ɗaya cikin dubban samarin da suka riga ka, su kuma suna da gidan kwana da dangi. Ga hukumar tace finafinai ta jihar, wadda aka kafa a 2001, tana da ƙa'idojinta a kan mawaƙa, ga kuɗin da za ka samu naira ne, in ka aiko gida a canza shi zuwa sefa ya ƙanƙance. Abin da kake da shi wanda ba su da shi, shi ne nan. Kai ka tashi inda ake ciniki da Fulatanci, a yi hira da Hausa, a je ofis da Faransanci, in ka hau zuwa Kusiri ka tsallaka gada zuwa Njamena kuma Larabcin Shuwa ne. Mawaƙin da zai ja baiti da Hausa, 'yan amshi su karɓa da Fulatanci, ya ambaci Binuwai da unguwannin da mutane suka sani, yana da kasuwa daga Ngaundere har Marwa, har Yola da Mubi, kuma ɗan Kano ba zai iya ƙwace masa ita ba. Hausawan da ke unguwar Birikitari a Yawunde da na Duwala ma suna biki, suna kuma kewar gida, jirgin ƙasa daga Ngaundere zuwa Yawunde dare ɗaya ne. Ka je Kano, ban hana ka ba, amma ka je da gayyata ko da aikin da za ka yi ka gama, na mako biyu ko uku, ka dawo. Ka fara gwada ƙafarka a Yola, kusa ce, in abu bai yi ba kuɗin mota kaɗai ka rasa.

Akwai abin da masu shekarunka ba su gani da idonsu sosai ba. Bayan hare-haren bam da aka kai Marwa a Yulin 2015, taro ya zama abin tsoro a Arewa Mai Nisa, bukukuwan dare suka ja baya, makaɗa da yawa suka rataye ganguna. A Maris 2020 kuma, da korona ta shigo, gwamnati ta hana taron da ya wuce mutum 50, mu ma nan Garwa muka zauna. Waɗanda suka tsira da mutuncinsu a waɗannan lokuta su ne masu sana'ar hannu da masu asusun ƙungiya. Mu adashinmu ne ya saya wa iyalan makaɗa uku hatsi. Ko babu annoba, shekarar mawaƙi ba daidai take ba: bayan girbi da lokacin da kuɗin auduga ya shigo hannun mutane ana biki kamar ba gobe, gab da azumi a yi rububin ɗaura aure, sannan wata guda cur shiru, damina kuma ruwa ya kori wasan fili. In kana da ɗinki, ko gyaran waya, ko babur na haya, kada ka sake shi saboda waƙa uku. In kuma kana da takardar bakaloriya ta kammala sakandare, ka leƙa Jami'ar Garwa da aka buɗe a 2022, akwai cibiyar koyar da fasaha a cikinta, ka ji ko akwai abin da zai amfane ka.

Ba ka ambaci gida ba, amma na san maganar tana nan. A wurinmu har yanzu akwai masu jin "mawaƙi" su ji "maroƙi", kuma ranar da za ka je neman aure za a tambaya. Ƙungiya mai uba, mai dattawa, wadda ake gani tana wasan rigakafi da taron makaranta, rufin asiri ce a wannan wuri. Mahaifin yarinya zai iya zuwa wurin uban ƙungiya ya tambayi halinka. Ka kiyaye bakinka a waƙa: kada ka karɓi kuɗi ka yi wa wani habaici ko zambo, kada ka bari ɗan siyasa ya saye muryarka gaba ɗaya a kakar zaɓe, domin zaɓe yana wucewa, kai kuma a garin za ka ci gaba da zama da waɗanda ka zaga. In ana kiran salla a tsayar da kiɗa, ko wane ne ya biya.

Game da yadda za ka tunkari shugaba, kada ka yi shi a wurin bita, kada kuma ka yi shi a zauren WhatsApp na ƙungiya. Mutum ne da wataƙila ya shekara da shekaru yana ɗaukar sifika a kansa kafin a san sunanka, kuma tsoro ne ke magana a bakinsa, tsoron kada abin da ya gina ya tafi da kai. Ka sayi goro, ka je wurin uban ƙungiya da safe, ka ce masa kana son ka zauna, kana kuma son a gyara zama. Ka fara da maganar haƙƙin mai kalangu da 'yan amshi kafin taka, ka ce kana so a rubuta sunayensu a kan waƙoƙin. In suka ji haka, rabin ɗakin ya koma bayanka tun ba a kira shugaba ba. Sannan a kira shi, a yi maganar takardar waƙa, da kaso, da gayyata iri biyu.

In an yi wannan zama har sau biyu ya ƙi, ya ce shi dai waƙa tasa ce kuma buhu a ɗakinsa za a ƙirga, to a lokacin ka fita, da sallama, a gaban manyan da suka shaida ka nemi gyara. Ka cika duk wasannin da aka riga aka karɓi kuɗinsu da sunanka, ka mayar da rigar ƙungiya da duk kayan da ke hannunka, ka roƙi mai kalangu ya ci gaba da buga maka kana biyansa. Mai sutudiyo kuma ka ce masa ya ba ka wa'adin wata ɗaya. In kun rubuta takardar, ka kawo mini ita in karanta kafin kowa ya sa hannu, ka zo da rubutun baitocin ukun nan ma, ina so in ji su daga bakinka ba tare da na'ura ba.